Ta Ƙarshe a Jerin Tiyata

Babban Likita ya soke sunan Auta daga jerin masu tiyata. Karo na huɗu ke nan.

Bai zo da kansa ba, Sista, babbar nas, ya aiko. Ta tsaya daga bakin ƙofa, taku uku tsakaninsu.

"Lamba bakwai, lokaci ya ƙure. Ki je ki ci abinci. Sai Litinin ta sama."

Tun ƙarfe shida na safe Auta take zaune a kan bencin nan, cikin koriyar rigar asibiti mai igiya ta baya. Rabonta da abinci tun jiya, ko ruwa an hana ta, don haka dokar tiyata take. Yanzu uku ta gota. Mutum shida aka shiga da su a kan idonta, aka fito da su a gadon turawa, dangi na biye suna jera sannu. Ita ba wanda ya rako ta. Sau biyun farko Yayanta ya zo ya zauna. A na uku ya ce shagonsa ba zai jure rufewa kowace Litinin ba.

Ƙari ne a mahaifarta. Yana zubar mata da jini har ta riƙa ganin jiri in ta miƙe. Aikin awa ɗaya ne, likitocin da bakinsu suka faɗa. Sai dai a goshin fayil ɗinta an liƙa jan ɗigo, girman maɓallin riga. Jan ɗigo na nufin ƙanjamau. A asibitin nan mai jan ɗigo shi ne na ƙarshe a jeri, wai don a wanke ɗakin in an gama da shi. Ba a rubuce dokar take ba, amma kowa na bin ta. Jerin kuwa ba ya kaiwa ƙarshe. Yau wuta ta ɗauke, gobe jini bai iso ba, jibi mai sa barci ya gaji.

Shekara shida tana shan magani, rana ɗaya ba ta tsallake ba. Takardar gwajinta ta ce na'ura ma ba ta ganin ƙwayar a jininta. Takardar tana nan cikin fayil ɗin, a shafi na uku. Daga bangon fayil ɗin ake tsayawa.

Ta tuɓe rigar, ta jefa a bokitin da aka ware wa irinta, ta sa kayanta ta fito tana dafa bango.

A baranda ta yi kiciɓis da Dogo. Ƙaramin likita ne, ɗan ƙanwar Babban Likita, kuma wata tara ke nan yana neman aurenta. Yana tsakiyar abokan aikinsa uku, kowa da farar riga.

Ya dube ta, ya kau da kai, ya sake dubanta.

"Sannu, Malama. An ɗaga ne?"

"An ɗaga, Likita."

"To. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini."

Suka wuce. Ba su yi nisa ba ta ji ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wannan ai ta zama 'yar gida. A ba ta farar riga kawai ta riƙa taya mu zagaye."

Suka yi dariya. Auta ta tsaya ta kasa kunne. Ba ta ji dariyar Dogo a ciki ba. Ba ta kuma ji ya ce uffan ba.

*

Shagonta na tsallaken titi, daidai ƙofar asibiti, tsakanin mai sayar da magani da mai sayar da bokiti da filas. Takardu take bugawa. Kwamfuta ɗaya, injin kwafi ɗaya mai nishi kamar tsoho, kujera biyu.

A nan suka fara haɗuwa. Bara ya kawo mata aikin bincikensa na kammala wani mataki na karatu. Tambayoyi ne ya raba wa likitoci kan yadda suke ji game da masu ƙanjamau, kowa ya amsa ba tare da sa suna ba. Mako biyu tana buga amsoshin da yatsunta. "Da ina da zaɓi, ba zan yi musu aiki ba." "Su suka jawo wa kansu." "A ware musu asibitinsu." Ranar ƙarshe ya tambaye ta me ya sa in ta zo wasu shafukan take daɗewa. Ta ja durowa, ta ɗauko kwalbar maganinta, ta ajiye masa a kan tebur.

Ya karanta sunan maganin. Ya ajiye. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayin da ta sha rabi, ya shanye, ya ce sukari ya yi yawa.

Tun ranar ba ta sake mallakar zuciyarta ba.

Yau bayan la'asar ya shigo da leda, burodi da madara. Ya tuɓe farar rigar ya rataye a bayan kujera.

"Auta."

"Malama dai. Ɗazu ai Malama ce."

"Kin san wurin aiki ne."

"Na sani. Nan ma wurin aiki ne, amma ban taɓa ce maka Malam ba."

Ya zauna. Ya buɗe madarar ya tura mata. Ta bar ta a nan.

"Ki sha, don Allah. Dubi leɓenki, fari fat."

"Da aka ce a ba ni farar riga, me ka ce?"

"Wannan bakinsa ba linzami, kowa ya sani. In na biye masa..."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"To."

Injin kwafi ya yi nishi ya mutu don kansa. Dogo ya murza yatsunsa, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Kawu ya sani."

Babban Likita shi ya ɗauki Dogo yana shekara bakwai, ranar da aka binne uwarsa. Shi ya ciyar da shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya fara ɗora masa wuƙar tiyata a hannu.

"Wa ya faɗa masa?"

"Wani ya ga motata a nan, ba sau ɗaya ba. Jiya ya kira ni bayan mun ci abinci. Ya ce wace ce. Na faɗa masa."

"Duka?"

"Duka."

"Sai ya ce me?"

"Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Lambar fayil ɗinki kawai ya tambaya."

Ta zuba masa ido, ya ci gaba.

"Yau wuta ba ta ɗauke ba, Auta. Jini na nan, leda biyu da sunanki. Ƙarfe ɗaya muka gama da na shida. Ina tsaye a gefensa. Ya cire safar hannu ya ce ya gaji."

"Ƙarfe ɗaya."

"Eh."

"Ni kuma aka bar ni a benci har uku."

Sai a nan hawayen suka zo. Ba ta yi ƙara ba. Ta bar su suna sauka a kan takardun wani ɗalibi da ke gabanta, har tawada ta fara narkewa, ta janye su gefe.

"Ni me na yi wa mutumin nan? Ko fuskata bai sani ba. Sau huɗu ina kwana da yunwa saboda shi."

"Mu gwada wani asibitin. Zan kai ki da kaina."

"Biyu na je kafin naku. Ɗaya suka ce kayan aikinsu sun lalace. Ɗayan suka rubuto mini takardar zuwa nan, likitan ma da bakin biro ya turo mini ita. Kai kuma ba ka kai ka yi aikin kai kaɗai ba, kai ka faɗa."

"Ban kai ba."

"To ina zan je?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ma idonsa ya kaɗa.

"Ki ba ni lokaci. Zan shawo kansa. Mutum ne mai ilimi, shi ya koya mana cewa wanda ke shan magani yadda ya kamata ba ya sa wa kowa. A aji ya faɗa, na rubuta da hannuna."

"Ni ma na buga da hannuna. Na kuma buga abin da suke faɗa in ba a sa suna ba."

"Wallahi ba zan bar ki ba."

"Kar ka rantse mini a nan, Dogo. Nan daga ni sai kai sai inji. Rantsuwar nan ba ta da wuya."

Da ya tashi ya ɗauki farar rigarsa ya ninke a hannu. Sai da ya tsallaka titi ya sa ta.

Ta ci burodin ita kaɗai, tana kallon ƙofar asibiti.

*

Ranar Laraba da hantsi jinin ya hana ta fita. Tana kwance a ɗakinta na ƙarshen gidan Yaya, wanda tagarsa ke kallon katanga, ta ji muryarsa.

"Auta, sa mayafi ki fito. Kin yi baƙo."

Mai Agogo ne zaune a falo, hularsa a gwiwa. Gajere ne mai furfura a gefen kai, yana gyaran agogo a wani ɗan tebur mai gilashi kusa da tashar mota. Matarsa ta rasu da daɗewa. A layin karɓar magani na ranar Alhamis suka saba, shekara uku ke nan. Kullum shi ke riga ta zuwa, ya ajiye mata wuri da takalminsa ɗaya.

Yaya bai iya kwana-kwana ba. Kayan famfo yake sayarwa, maganarsa ma kamar bututu take, miƙe.

"Bawan Allahn nan ya zo wurina sau biyu. Aurenki yake so. Na bincika, ba shi da abin kushewa. Ni na amince."

"Yaya, ai ka san akwai magana."

"Wace magana? Ta likita? Wata tara, ya turo ko mutum ɗaya gidan nan? Ko mai gadin gidansu?"

"Yana nema ne ya..."

"Yana nema. Auta, ki dube ni. Ni na aurar da ke na farko, ni na je na ɗauko ki da kayanki ranar da kika fita takaba, dangin mijin ko rakiya ba su yi miki ba. Ba zan sake zuwa ɗauko ki daga wani gidan ba. Mutanen da ba za su iya yanka ki su ɗinke ba, su ne za su ci abincin hannunki?"

"Shi yana ci."

"Shi kaɗai za ki aura? Wannan kuwa ciwonku ɗaya, maganinku ɗaya, layinku ɗaya. Ba mai yi wa wani gori. Ki zauna inda aka san ki."

Ya miƙe, ya ce bari ya leƙa shago, su yi magana.

Mai Agogo ya juya hularsa sau biyu.

"Yayan naki ya sayar da ni kamar kan famfo. Saura ya ce ba na yoyo."

Ba ta so ba, dariya ta kuɓuce mata. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ki yi haƙuri da na biyo ta wurinsa. A layi ba a irin wannan magana, kunnuwa sun yi yawa. Na ji an sake ɗaga aikin."

"An ɗaga."

"Ni haƙori ne. Wata biyar ina bin su, kullum na'ura ta lalace. Rannan na sa zare na ɗaure a ƙofa." Ya buɗe baki ya nuna mata giɓin. "Naki dai ba ya ɗauruwa a ƙofa."

"Ba ya ɗauruwa."

Ya gyara zama. Wasan ya bar fuskarsa.

"Ba zan ce miki na fi shi ba. Ya fi ni karatu, ya fi ni tsawo, ya fi ni yawan haƙora. Na kuma san ba ni kike so ba, ba yaro ba ne ni. Abin da nake da shi kaɗan ne. Ɗaki biyu. Agogo goma sha ɗaya a bango, duk na saita su ƙarfe takwas, in suka kaɗa ko gawa sai ta tashi ta sha magani. Sai abu ɗaya. Duk inda na gan ki, a gaban ko wane ne, sunanki zan kira."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ba ta san ya aka yi ya sani ba. Wataƙila bai sani ba, wataƙila duk mai bin layin Alhamis ya san irin wannan gaisuwar ta baranda.

"Litinin kuma in kin yarda zan rufe teburina in zo in zauna a bencin. Ko an yi, ko ba a yi ba. Wannan ba sharaɗi ba ne. Ko kin ce ba kya so na, zan zo."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai. Ya bar ta. Bai ce ta yi shiru ba.

Da ta lafa ta ce, "Kai mutumin kirki ne. Da zuciya na jin magana, da na ce mata ga inda za ta."

"Tawa ma ba ta ji. Shi ya sa nake nan."

"Ka ba ni kwana kaɗan."

"Ni da na jira haƙori wata biyar."

Yana sa takalmi wayarta ta yi ƙara. Sista ce, muryarta a daƙile.

"Babban Likita na son ganinki gobe ƙarfe goma. Ba a ɗakin duba marasa lafiya ba. A ofishinsa."

*

Ofishin na hawa na biyu, ƙarshen baranda. Tebur babba, littattafai har rufi, kujerun fata biyu a gaban teburin. An kawo wata farar kujerar roba an ajiye kusa da ƙofa. Ba sai an faɗa mata ba. Ta zauna a kai.

Babban Likita tsoho ne siriri, gemu fari tas, hannuwansa tsaf kamar ba su taɓa ɗaukar komai ba. Ana zuwa daga nesa saboda hannuwan nan. Fayil ɗinta na gabansa a rufe.

"Ke ce mai shagon takardu."

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ina kika samo shi?"

Tambayar da kowane likita ke fara yi ke nan, tun kafin ya tambayi inda ke mata ciwo. Da can tana amsawa da sauri, har da rantsuwa. Ta daina.

"Ƙarin ne, ranka ya daɗe? Ban san inda na samo shi ba."

Ya dube ta ta saman tabarau. Bai yi murmushi ba.

"Kina da baki. To bari in gajarta. Ni ba azzalumi ba ne. Ina ƙaramin likita kamar yaron nan, ina da aboki, tare muka yi karatu, ɗakinmu ɗaya. Allura ta soke shi a ɗakin tiyata, ina riƙe masa da fitila. Shekara biyu ya yi yana narkewa. Da ya rasu ni na yi masa wanka, don ba wanda ya yarda ya taɓa shi."

"Allah ya jiƙansa. Lokacin babu magani."

"Babu."

"Yanzu akwai. Takardata na nan a shafi na uku."

"Na san abin da ke shafi na uku. Ni nake koyar da shi." Ya ɗora tafin hannu a kan fayil ɗin, bai buɗe ba. "Abin da nake koyarwa daban, ɗana daban. Shekara ashirin da biyar ina gina yaron nan. Ranar da aka ji wadda ya aura, wa zai kwanta ya miƙa masa cikinsa? Abokan aikinsa ma sai sun sa safar hannu biyu kafin su karɓi almakashi daga hannunsa. Na san su. Ni na horar da su."

"To ai kai za ka hana su."

"Ba ki zo nan ki koya mini aiki ba."

Ya ja wata takarda daga ƙarƙashin fayil ɗin, ya juyo da ita, ya tura bakin tebur da yatsa ɗaya. Daga inda take tana iya karantawa. Jerin tiyatar Litinin ne. Sunanta ne a sama, da rubutun hannunsa.

"Ƙarfe takwas na safe. Ni zan yi da hannuna, zan kuma bar miki mahaifarki, ba kowa zai iya ba. In aka ƙara wata biyu a yadda kike zubar da jinin nan, wanda zai yi aikin cirewa zai yi gaba ɗaya, in kin kai. Kin gane?"

"Na gane."

"Abu ɗaya nake so. Yaron nan ba zai iya barinki ba, kunya ta ɗaure shi, ya yi alkawari. Ke za ki sake shi. Ki ce masa kin fasa, kin sami wani. Na ji ma akwai wani, irinki. A gabana za ki faɗa, yanzu."

Ya danna ƙararrawa. Ƙofa ta buɗe, Dogo ya shigo. Da alama tun ɗazu yake tsaye a waje. Ya ga Auta a kujerar roba, ya ga takardar, fuskarsa ta canza.

"Kawu, me ke nan?"

"Zauna."

Bai zauna ba. Ya durƙusa a gefen teburin, farar rigarsa na jan ƙasa.

"Kawu, don girman Allah. Ka yi mata aikin, maganar aure daban. Mara lafiya ce, jininta ya yi ƙasa, kai ka gani. Kuma wallahi ba laifinta ba ne. Mijinta ne ya sa mata, tana yarinya aka kai ta, ba ta san komai ba. Ba irin waɗancan ba ce."

Auta ta ɗago ta dube shi.

Waɗancan. Ta tuna layin Alhamis. Matar da ke zuwa da niƙabi don kar maƙwabta su gane ta. Yarinyar da aka haifa da shi. Direban da ba ya magana da kowa. Mai Agogo, wanda ba ta taɓa tambayarsa inda ya samo nasa ba, shi ma bai taɓa tambayarta ba. Ashe ko a bakin Dogo sai an wanke ta kafin a so ta. Abin ya yi mata ciwo fiye da kujerar roba. Duk da haka, da ta ga hawaye na bin kumatunsa, zuciyarta ba ta matsa ko taku ɗaya daga inda take ba. Ta ji haushin kanta.

Babban Likita bai ko dubi ƙasa ba.

"Tashi. Likita ba ya durƙuso da farar riga. Na gaya maka a gida, zan maimaita a gabanta don kar a ce an yi ɓoye. In ka aure ta, ka fita daga gidana, ka fita daga sashena, in na mutu kar ka ɗauki makarata. Ba na magana biyu."

"Kawu, kai ne uwata, kai ne ubana."

"To ka ji abin da uwarka da ubanka suka ce."

Ana jin ƙarar gadon turawa a ƙasa, da wata mata tana kiran sunan ɗanta.

Auta ta jira. Kalma ɗaya take jira, ko wacce iri ce. Ya ce ya zaɓe ta, ko ya ce ya zaɓi kawunsa, ta san inda take tsaye. Dogo ya miƙe a hankali. Ya dubi kawunsa, ya dube ta, ya buɗe baki. Sai ya mayar da idonsa kan tayil ɗin ƙasa ya bar shi a can.

Nan ta gane abin da aka kira ta ta yi. Su biyun nan, mai gemu da mai hawaye, ba wanda ke son ya riƙe wuƙar. Ita mara jinin ake so ta yanke, ta kuma yi godiya.

Mararta ta murɗa. Ta ji ɗumin jini na sauka, ta san in ta miƙe sai ta nemi bango. Ta dubi takardar. Ƙarfe takwas. Kafin tara an gama, kafin wata ɗaya ta koma shagonta da ƙarfinta, wataƙila wata rana har ta goya ɗa. Kalma huɗu ce ko biyar. Mai Agogo ma ba zai tambaye ta yadda aka yi ba.

"Muna jinki," in ji Babban Likita. "Ina da aiki ƙarfe sha ɗaya."

Ta dafa hannun kujerar ta miƙe. Ɗakin ya juya, ta tsaya har ya daidaita.

"Ranka ya daɗe, aikin nan haƙƙina ne. Na bi layi, na yi gwaji, na sa hannu, na kwana da yunwa sau huɗu. Ba sadaki ba ne da za a yi cinikinsa. In ka yi, aikinka ka yi. In ka ƙi, kai da Wanda ya ba ka hannun."

"Ba wa'azi na tambaye ki ba. Ki faɗa masa."

Ta juya ga Dogo.

"Dogo, dube ni. Ban fasa ba, ban kuma sami wani ba. In kai ka fasa, ga ni, ga kawunka, bakinka na jikinka. Ka faɗa, wallahi ba zan riƙe ka ba, ko kuka ba zan yi a nan ba."

Bai ɗago ba. Kafaɗunsa kawai ke motsi.

Babban Likita ya zare murfin biro, ya ɗora bakinsa a kan layin farko na takardar.

"Sau ɗaya zan ƙara tambaya. Za ki faɗa masa, ko in soke?"

"Ba zan faɗa ba."